Wayar Iska Ta Hau Ƙwayar Ido

Kakanninmu ne suka raɗa wa abin suna, kuma sun iya raɗi. Da Turawa suka kafa turaku suka ja tangaraho, sai aka ce waya. Da aka ga saƙo yana tafiya ba turke ba zare, sai aka ce wayar iska. Tun daga wancan zamani wannan aba take ta matsowa kusa da jikin ɗan Adam. Da fari tana ofishin Nasara, sa'an nan ta shigo birni a akwatin rediyo, wanda aka fara rarraba shirye-shiryensa a Kano a 1944. Daga bisani ta hau kafaɗar Bafillace a daji, a 2001 kuma ta faɗa aljihun kowa da sunan salula. Yanzu masu bincike a Amurka da Turai da Asiya suna neman su ɗora ta a kan ƙwayar ido kanta. Ra'ayina, malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, shi ne mu yi wa rabin wannan abu maraba, mu tare ɗaya rabin tun daga bakin ganuwa, kuma mu yi haka tun bai iso ba.

Bari in fara bayyana ko mene ne. Akwai wani irin tabarau da ba shi da ƙafafu ba shi da gada, ɗan falle ne garai-garai kamar ɓawon albasa, wanda ake mannawa a kan baƙin ido. Wannan ya daɗe a duniya, 'yan birni ma suna sa mai launi ranar biki. Sabon abu shi ne cusa kayan lantarki a cikin fallen: ma'auni, da 'yar ƙwayar lissafi da ba ta kai ƙwayar gero ba, da eriya siririya da aka naɗe ta zobe a gefe don kada ta tare gani. Tun a 2008 Babak Parviz da abokan aikinsa a Jami'ar Washinton suka gwada irin wannan a idon zomo. A 2011 suka kunna ɗigon haske ƙwaya ɗaya tak a cikinsa ba tare da waya ba. Abin lura a gwajin nan shi ne, a sarari ana iya aika masa wuta daga nisan kusan mita ɗaya, amma da aka ɗora shi a idon zomon sai nisan ya dawo santimita biyu. Ido ya shanye sauran.

A nan gizo yake saƙa. Ido jiƙe yake da hawaye, hawaye kuwa ruwa ne da gishiri, ruwan gishiri kuma maƙiyin igiyar rediyo ne, domin tsotse ta yake yi ya mayar da ita zafi. In ka ce ka ƙara wa na'urar ƙarfi don muryarta ta yi nisa, to, ka hura wa ido wuta. Ƙwayar nan ta ciki, wadda yana take fitowa a jikinta, ba ta da jijiyoyin jini da za su kwashe zafi su kai wani wuri kamar yadda suke yi wa fata. Abin da ya taru a can sai ya daɗe. Ga kuma rashin wuri. Batir ɗin da zai riƙe wayar salula yini guda ya fi idon kansa girma. Daɗin daɗawa, fatar baƙin ido daga iska take shan numfashinta kai tsaye, duk abin da ya rufe ta da kauri ya shaƙe ta. Saboda haka duk wata hikima ta masu wannan sana'a a kan abu guda take: yadda za a yi magana da raɗa, da ƙarfi ƙanƙane, kuma a ji.

Hanyar da ta fi karɓuwa duk wanda ya riƙe fasfon zamani ya riƙe misalinta a hannu. Fasfon da Nijeriya ta fara bayarwa a 2007 yana da ƙwayar lantarki da eriya a cikinsa, amma ba shi da batir. Idan jami'i ya ɗora shi a kan na'urarsa, ita ce take hura masa ƙarfi ta iska a kan zangon megahaz 13.56, ya farka, ya faɗi abin da ke cikinsa, ya koma barci. Haka mafi yawan waɗannan tabarau suke. Dole sai da wani abu a kusa, firam ɗin tabarau na gaske, ko abin wuya, ko faci a fuska, wanda zai ciyar da su wuta ya karɓi saƙonsu ya miƙa wa waya, ita kuma ta miƙa wa duniya. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin duk gardamata a kansa ta rataya. Abin da ke kan ido ba ya aiki shi kaɗai. Kullum akwai ɗaya bakin zaren, kuma tambayar da ta kamace mu ita ce wa yake riƙe da shi.

To, rabin da na ce a yi wa maraba shi ne wanda yake magana da yawun ido, ya kai ƙararsa wurin likita. Akwai cutar da muke kira hawan jinin ido, ko da yake sunan bai dace sosai ba, don ruwan cikin ido ne yake matsewa, ba jini ba. Matsin yana cin jijiyar gani a hankali, ba zafi ba ja, yana farawa daga gefe, har mutum ya wayi gari yana leƙen duniya kamar ta bakin tulu. Abin da ta ci ba ya dawowa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, watau mutum fiye da miliyan ɗaya. Yana ce kan gaba da kashi 43 cikin ɗari, hawan jinin ido na biye da kusan kashi 17. Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta, da suka sake tace wannan bincike, sun gano cewa mutum biyar cikin ɗari na masu waɗannan shekaru suna da cutar, amma waɗanda suka san suna da ita ba su kai shida cikin ɗarinsu ba.

Wahalar likita da wannan cuta ita ce matsin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana hawa yana sauka, kuma sau da yawa da dare yake hawa, lokacin da mutum yake kwance. Dattijon da ya taso daga Mandawari ko Yakasai ya bi layi a Asibitin Murtala, ko ya tsallaka Sabon Gari zuwa asibitin ido na ECWA da aka kafa tun 1943, awo ɗaya za a yi masa da hantsi, a rubuta, a ce ya dawo bayan wata uku. Abin da ya faru a idonsa tsakanin lisha da asuba ba wanda ya gani. Wani kamfani a Lozan ta ƙasar Suwizalan mai suna Sensimed ya ƙera tabarau na manne da ake kira Triggerfish saboda wannan giɓi, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a 2016. Ana sa shi awa 24. Duk bayan minti biyar sai ya yi awo na daƙiƙa 30, ya aika wa eriyar da aka liƙa kewaye da ido, ita kuma ta zuba a wani ɗan akwati da majiyyaci yake rataye da shi. Ba matsin kansa yake aunawa ba, canjin siffar ido yake bi, wanda yake tafiya tare da matsin. Amma ko haka ya ishi likita ya san sa'ar da ɓarawon yake shigowa. Wannan wayar iska ce mai kunya. Muryarta ba ta wuce fuskar mai ita, ba ta kallon kowa, kuma washegari a cire ta.

Amma ko a wannan rabi na alheri kada mu yi saurin guɗa. A watan Janairu na 2014 kamfanin Google ya yi shelar cewa zai yi tabarau na manne mai auna sukari a hawaye, don masu ciwon sukari su huta da huda yatsa, ya kuma haɗa kai da kamfanin magunguna na Novartis. Jaridun duniya suka ɗauka. A Nuwamba 2018 aka dakatar da aikin, domin an tarar sukarin hawaye ba ya bin na jini sau da ƙafa. Haka kuma Mojo Vision na Kalifoniya, wanda ya ci burin sa allo a cikin ido. Ya yi allon da bai kai rabin milimita ba, ya ƙera rediyonsa na kansa a kan zangon gigahaz 5 saboda Bluetooth bai biya masa bukata ba, har shugabansa Drew Perkins ya sa shi a idonsa a watan Yuni na 2022. Watanni bakwai bayan haka kuɗi suka yanke, aka sallami kashi uku cikin huɗu na ma'aikata, aka jingine tabarau ɗin. Waɗannan ba ƙananan 'yan kasuwa ba ne, kuma ido ya ka da su.

In ya ka da su a can, ina ga nan? Duk wanda ya yi hunturu a cikin birni ya san yadda ƙura take shiga ido ko an rufe taga. Ƙwayar rairayi ɗaya a ƙarƙashin falle ta isa ta karce baƙin ido. Sa'an nan ga ruwa. Likitocin ido sun yi ittifaƙi cewa ba a kusantar da tabarau na manne ga ruwan famfo ma, balle na rijiya ko na 'yan garuwa, saboda wata ƙwayar cuta da take rayuwa a ruwa, wadda in ta samu shiga tsakanin falle da ido takan bar hakiya ko ta tafi da idon ɗungum. Mutumin da yake wanke fuskarsa sau da yawa a yini, da ruwan da ya saya a jarka, yaya za a yi da shi? Wanda ya ƙera abin a bakin tafkin Janeba bai yi wannan lissafi ba, kuma ba laifinsa ba ne. Namu ne mu yi. Kafin a sa wa kowa irin wannan a Kano, ya kamata a gwada shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a watan Disamba da Janairu, a idon mutanen da suke zaune a lungu, ba a ɗakin sanyi ba.

Kada kuma a ce Bahaushe mai tsoron sa abu a ido ne. Akasin haka ne matsalarmu. Shekaru aru-aru ana sayar da kwalli a Kasuwar Kurmi, ana zuba shi a tandu, ana zizara wa amarya da jariri. Kwallin dutse kuwa dalma ce mafi yawansa. A 2011 likitoci a Boston suka sami wani jariri ɗan asalin Nijeriya da dalma a jininsa, da aka bi sawu aka auna tozalin da ake sa masa sai aka tarar kashi 82.6 cikin ɗari dalma ne. Haka nan binciken ƙasa da na ambata ya tarar cewa kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana, masu kwantar da ita da tsinke ne suka taɓa su, ba likita ba, kuma mafi yawan waɗannan idanu ba su koma gani ba. Al'ummar da take miƙa idonta da sauƙi haka, ranar da kwaikwayon wannan tabarau mai araha ya sauka a kasuwar waya ta Farm Centre, ba za ta tsaya tambayar wa ya gwada shi ba.

Yanzu sai rabin da na ce a tare. Shi ne tabarau da ba ya kallon ido, sai dai ya kalli abin da ido yake kallo, ya aika. A 2016 aka ga takardun mallakar fasaha na Samsung da na Sony, kowannensu yana siffanta tabarau na manne mai kyamara wanda ƙiftawa take sarrafa shi. Takarda ba kaya ba ce, kuma irin wannan bai shigo kasuwa ba. Amma yayansa ya shigo. Tabarau mai ƙafafu na Ray-Ban Meta, wanda ya fito a 2023, yana ɗaukar hoto da murya yana aikawa ta waya. A Oktoba 2024 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Harvard suka haɗa shi da manhajar gane fuska, suka nuna cewa za su iya kallon baƙo a tasha, kafin ya wuce sunansa da adireshinsa sun fito musu a waya. Masu tabarau ɗin sun kare kansu da cewa akwai 'yar fitila a jikin firam da take kunnuwa in ana ɗauka. To, a kan ƙwayar ido ina za a sa fitilar?

Wannan tambaya ta fi nauyi a cikin birni bisa ga ko'ina, saboda yadda aka gina shi. Ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, ta waje ce kawai. A cikinta kowane gida ganuwa ne, kuma duk tsarinsa a kan ido aka yi shi. Zaure ba ya kallon tsakar gida. Sai ka karkata, ka shiga soro na biyu, ka sake karkata. Baƙo namiji iyakarsa zaure, ya yi sallama ya jira. Wanda aka bari ya wuce, mace ce, ko yaro, ko muharrami, an bar shi ne bisa wata amana da ba a faɗa: abin da ka gani a nan, a cikin kanka zai tsaya, in ma ya fita to da baki zai fita, baki kuwa ana iya ƙaryata shi. Da wayar salula mai kyamara ta zo ta girgiza wannan amana, amma ba ta rushe ta ba, domin waya ana ganinta. A gidan biki uwar amarya tana iya cewa a ajiye wayoyi, kuma a ajiye. Wa zai ce wa baƙuwa ta ajiye idonta a zaure?

Za a ce ai akwai doka. Gaskiya ne, a watan Yuni na 2023 an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, kuma ta ware bayanan lafiya da na siffar jiki ta ba su kariya ta musamman. Wannan zai amfani dattijon da ake auna idonsa, in har an tilasta wa asibiti da kamfani su faɗa masa inda awonsa yake zuwa, da harshen da yake ji. Amma dokar an gina ta ne a kan yarda da sani, ita kuwa matar da aka kalla a tsakar gidanta ba a tambaye ta ba, ba ta ma san an ɗauka ba, balle ta kai ƙara. Dokar da za ta yi mata amfani ita ce wadda ta tsaya a kan kayan tun daga tashar jirgi. Hukumar NAFDAC ce take kula da kayan asibiti, NCC kuma take ba da izinin duk abin da yake aika saƙo ta iska. Wannan abu ya faɗa hurumin su biyun, irin kayan da kowa yakan zaci ɗan'uwansa ne yake duba shi. Abin da nake so su amince a kai kaɗan ne: na'urar da za a manna a ido ta zama ta awo ce, da takardar likita, muryarta kada ta wuce abin da yake rataye a jikin mai ita, kyamara kuwa kada a yarda da ita a cikin abin da mai kallo ba zai iya gani ba.

Akwai hujja guda mai ƙarfi a kaina, kuma ba zan ɓoye ta ba. Kyamarar nan da nake tsoro ita ce take iya zama ido ga wanda ba shi da shi. Tun 2015 akwai manhajar Be My Eyes, wadda makaho zai ɗaga wayarsa wani mai gani daga nesa ya karanta masa takardar magani ko ya gaya masa abin da ke gabansa, kuma a 2024 an haɗa ta da tabarau na Meta. Wanda ya san unguwar Makafin Dala, ya kuma san yara nawa ne suke riƙe da sanda a gaba maimakon allo ko littafi, ba zai raina wannan ba. Duk makahon da ya iya zuwa kasuwa shi kaɗai, ɗan jagora ɗaya ya sami damar zuwa makaranta. Sai dai a lura, babu ko ɗaya daga cikin wannan alheri da yake bukatar ɓoyo. Makaho ba ya asarar komai in kyamararsa tana kan firam inda kowa zai gan ta, kamar yadda ake ganin sandarsa. Hasali ma firam ya fi ɗaukar batir da eriya mai ƙarfi, ya fi araha, ba ya kuma tsoron ƙura. Wanda yake bukatar a ɓoye kyamara a ƙarƙashin fatar ido, wata bukata ce da shi daban.

Wasu kuma za su ce duk wannan tatsuniya ce, mutanen da ba su sami tabarau na karatu ba ina su ina allo a ido. Rabin maganarsu gaskiya ce, domin binciken nan na ƙasa ya nuna rashin tabarau na yau da kullum shi ne kan gaba wajen raunin gani da bai kai makanta ba. Tela a Soron Ɗinki da ya daina ganin kafar allura, gilashi mai araha yake nema, kuma in kuɗin gwamnati ne, can ya kamata su fara zuwa. Amma kaya ba sa jiran a gama da talauci kafin su zo. Lokacin da aka buɗe sinimar Palace a Jakara, a farkon shekarun 1950, birni ya tashi da gardama, gardamar kuwa ba ta rushe ginin ba. Salula ma haka ta yi mana, ta riga ladabinta isowa da shekaru.

Mu kuma a wannan Sashe muna da namu aiki, kuma ba ƙarami ba ne. Abin da ba shi da suna ba a iya yi masa doka a bakin mutane, ba a iya gargaɗi a kansa a rediyo. In muka yi shiru, 'yan kasuwa za su raɗa masa, kuma za su raɗa mai daɗi, su ce tozalin zamani ko idon mikiya, ya shige da sunan ado. Ni dai shawarata a kira fallen kansa mannau, tunda manna shi ake yi. Mai awo a ce mannau ma'auni, mai kyamara kuwa a ce mannau magulmaci, don sunan ya riƙa yi wa mutane kashedi da kansa. Na san malaman ƙirar kalma za su ce mannau ya fi kama da sunan mutum ko laƙabi, irin su Ɗaukau da Tsayau. Ina jiran wanda ya fi shi a fitowa ta gaba.